Giyar da ta Tsinke a Hanyar Kebbe

Jama'a, wallahi abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekarun baya ina sayar da maganin dabbobi a Tambuwal, sai Allah ya hore min wata jif ta hannu mai irin giyar nan da ake ce wa CVT. Kai, na so motar nan! Ba ka jin ta sa giya ta ɗaya ko ta biyu, bel ne na ƙarfe a ciki yake ja, sai dai ka taka totur ta yi ta tafiya sumul. Bakanikena Malam Sani ya sha gargaɗina cewa ba ta son zafi da yashi, ni kuwa ko a jikina.

Wata ranar kaka da hantsi ina ƙauyenmu bayan Kebbe, maciji ya sari yayana Umaru a gonar dawa. Muka kwantar da shi a kujerar baya, na figi mota sai asibitin Tambuwal, ƙafarsa tana ta kumbura. Mun yi nisa cikin daji sai giyar ta fara wani kuka, can na ji ƙas a ƙarƙashina, inji yana ihu amma mota ta tsaya cak. Ga rana, ga ba sabis a waya, babur ko ɗaya bai wuce ba. Na fito ina salati, hawaye na zuba.

Ina juyowa sai ga wani dattijo da sanda a kafaɗa, ban ga ta inda ya ɓullo ba. Bai tambaye ni komai ba, ya ɗora tafinsa kan bonet mai zafin nan, ya ce, "Shiga ka tai, ɗana. Amma kak ka tsaya sai ƙohwar asibiti."

Na shiga na taka, wallahi sai mota ta ɗauka, ba kuka ba gargada, ina kabbara ina dariya kamar zautacce. Muna isa ƙofar asibiti motar ta mutu. Aka yi wa Umaru allura, Allah ya tashi kafaɗunsa.

Da Malam Sani ya buɗe giyar washegari, bel ɗin ya tarwatse gutsi-gutsi cikin mai. Ya rantse min ko taku goma motar nan ba za ta iya yi a haka ba.

Da Umaru ya warware na ba shi labarin dattijon da muka bari a daji. Ya dube ni ya ce, "Wane bari? Ai nan baya yaz zamna, shina riƙe da ƙahwata har munka iso."

Ni kuwa na sha duba madubi a tafiyar nan, Umaru kaɗai na gani. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Don Allah ku riƙa duba man giyarku kafin ku shiga daji, kuma duk wanda ya tare ku a hanya, ku yi masa magana da ladabi.