Kwaɗon da Dutse Ya Ƙare Masa

Ina da shekara tara Kaka ta zo daga Gembu wankan jegon Umma. Muna hawa na sha huɗu na wani dogon bene a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje, inda ba a hura wuta, abin da ya tsaya mata a rai har ta koma. Sai ta riƙa kunna gawayi uku a kaskon turare, ta ajiye a baranda bayan magariba, wai tatsuniya ba ta zama inda babu garwashi.

"To ga ta nan, kowa ya kawo kunnensa."

Ƙanena Sadiƙu ya amsa da irin Turancin mutanen can, "Okay lah." Ta harare shi, ta ci gaba.

Wai akwai wani ɗan kwaɗo, bai kai farcen babban yatsa ba, yana zaune cikin gansakuka a gindin dutse. Fatarsa ba ta jure zafi. Da rana ta matsa masa ya roƙi Dutse mafaka, Dutse ya ce ya hau gwiwarsa. Masu gatari suka sare inuwar wurin, ya koma kafaɗa. Duk sanda zafi ya cim masa sai ya tattara 'ya'yansa ya yi sama.

"Kaka, in ya kai ƙololuwa fa?"

"Ke kin cika tambaya kamar alƙali. Tashi ki kawo min ruwa."

Kullum a nan take yankewa. Na ɗauka rowa ce irin ta tsofaffi.

Yanzu shekara huɗu ke nan ina digiri na uku a kan wani kwaɗo kamarsa, wanda ba a san shi ko'ina ba sai a dajin wani dutse arewa da birnin nan da na taso a cikinsa. Shekarar farko a tsakiyar dutsen na ji kukansa. Ta biyu sai da na haura sosai. Bara biyu na samu, duk maza, can sama gefen inda ake zuba simintin otal. Bana mako uku na yi ina ɗaga gansakuka, matsattsaku suka ƙoshi da jinina, ban ji ko motsinsa ba.

Malamata ta ce lokaci ya ƙure, in sauya abin da nake bincike a kai.

Sai yanzu na gane Kaka ba rowa take yi ba. 'Yar kan dutse ce, ta san dutse yana da ƙarshe, ba ta so ta faɗa wa yara. Ta rasu ina ganin ta cuce ni, wannan kuwa yana min ciwo. Jiya na cike takardar sauyin. A gurbin dalili na rubuta: ba a same shi ba, kuma ba na sa ran za a same shi.