Tsohon da ke Sauraron Ƙarfe

A bakin kasuwar Gure, inda Ila ɗan Damagaram ke gina kanti haɗe da ɗakin kwana, wani tsoho yana durƙushe gaban ƙarfen dogo na jirgin ƙasa da aka kawo daga Kano. A kansa za a ɗora rufi maimakon azara. Ba wanda ya kira tsohon nan. Rigarsa duk hujin tartsatsi ce, yatsansa ɗaya guntu. Ƙila maƙeri ne, ƙila reluwe ya yi wa bauta.

Yana ƙwanƙwasa ƙarfen, kunnensa dab da shi. Ko'ina yana amsawa garau, sai inda magina suka gasa shi don su miƙe shi, suka kwara masa ruwa. Nan muryar ta dushe. Ya shafa man gyaɗa, ya goge, ya barbaɗa farar ƙasa. Sai ga tsaga siririya kamar gashi.

"Haba Baba, ƙarfen Nasara ne fa!" in ji Ila. "Gara ba ta cinsa."

"Azara tana kuka kafin ta karye, maigida. Wannan ba ya sallama." Tsohon ya nuna tsagar. "Wa zai kwana ƙarƙashinsa?"

Ila ya dubi maginan da suka riga suka ɗaura wa ƙarfen igiya don su ɗaga shi.

"Iyalina," ya ce a hankali.