Buzun Baba Ya Isa Zariya

Har yau idan na ji ana yabon jirgin ƙasa a rediyo, kashe rediyon nake yi. Matata takan ce abin ya wuce, in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma haushin yana nan.

Ina koyarwa a Tambuwal aka kira ni daga Zariya, cewa yayan mahaifina yana kwance, jiki ya tsananta, kuma ba ya kiran kowa sai ƙanensa. Na je Kebbe na ɗauko Baba. Su biyu suka rage a ɗakinsu, rabonsu da juna tun kafin in yi aure. Matsalar ita ce ƙugun Baba. Tun da bijimi ya buge shi, ba ya iya doguwar tafiya a naɗe cikin mota. Sai muka shirya ya daure zuwa tashar da layin dogo ya ƙare a ƙasar Zamfara, daga nan ya miƙe ƙafa a jirgi.

Tashar rumfa ce da benci da tagar sayar da tikiti. Gaba kaɗan ƙarfen dogo ya nutse cikin ciyawa, awaki na kiwo a kai. Muka sayi tikiti, muka zauna. Yau ne, gobe ne, ba mai gaya maka komai. Ka tambaya a dube ka kamar ka zo roƙo. Daga Zariya kuma waya sai shigowa take yi: kun taso? Mun kwana a rumfar nan har na daina amsa wa mutanen gida.

Da jirgin ya ga dama ya iso, ana gab da azahar. Na ɗora Baba, muka sami kujera kusa da taga. Aka kira salla a masallacin bakin tasha, Baba ya miƙe. Na ce ya dakata in tambayo. Na sami ma'aikacin tashar yana cin rake, na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za a tashi?" Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce inji na buƙatar dubawa, sai bayan la'asar.

Baba ya shimfiɗa buzunsa a kujera, ya ɗora ƙwaryar man shanun da ya kawo wa yayansa. Haka ake yi a tashar motar Tambuwal. Ka ajiye kayanka, wuri ya zama naka, kuma direba ba ya tashi ya bar mai kaya a masallaci, sai ya aika an kira shi. Baba ya ce, "Mi kaka tsoro? Sun ga buzu, sun san da mai shi."

Muna raka'a ta uku na ji ƙasa na motsi. Ko ƙaho ba su busa ba. Kafin liman ya sallame, jirgin da muka kwana muna jira ya bar tashar, sai bayansa muka hango.

Na koma kan mai raken nan. Na ce ba kai ka ce bayan la'asar ba? Ya tofar da ɓawo ya ce inji ya tashi da wuri, kuma jirgi ba ya jiran kowa. Ba ya jiran kowa! Mu da ya shanya kamar wanki fa? Masallacin ga shi nan, da ya ɗaga murya ma da mun ji. Na faɗa masa maganganun da malamin makaranta bai kamata ya faɗa ba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba. Baba ne ya riƙe min riga. "Bari, ɗana. Samo muna mota."

Muka bi mota, Baba na cije leɓe a kowane rami, muna tsayawa ya huta. Na kira ɗan yayan nasa, ya je ya tari jirgin, ya karɓi kayan a hannun wata mata da ta adana mana su.

Ba mu sami yayan Baba da rai ba. Ɗansa ya ce da ya shiga da kayan, tsohon ya gane buzun, domin na mahaifinsu ne. Ya yunƙura zai tashi zaune, yana kallon ƙofa, yana cewa, "Ya iso? Ku ce mai ya shigo mana."