Malam Maccido Maiyama da Gwangwanaye Uku na Maganin Farfaɗiya

Shekaru da dama ana yawo da magana a tashar Jega da rumfunan albasa na Aliero cewa an sallami Malam Maccido daga aiki saboda ya saci ƙwayoyin da hukuma ta kama. Ni dai zancen da kowa ya haddace ba ya gamsar da ni, don haka na bi takardunsa, na zauna da iyalinsa.

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Maccido a garin Maiyama a shekarar 1947. Mahaifinsa shi ne Malam Rufa'i, manomin gero, mahaifiyarsa kuwa Malama Barakatu. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya yi firamare a Jega, daga bisani ya tafi Zariya, inda ya kammala ilimin haɗa magunguna a 1972.

Aure da aiki

A 1974 ya auri Malama Kubura, 'yar Aliero. Ya shafe shekara goma sha tara yana kula da ɗakin magani, kuma shi ne ya zaga ƙauyukan yankin ya rubuta sunayen masu farfaɗiya mutum sittin da biyu, a zamanin da ake jingina ciwon ga iskoki, ya ɗora su a kan maganin da ba a yanke shansa farat ɗaya.

Kwamitin 1992

Bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi an kafa kwamitin raba kasuwannin yankin da ƙwaya, domin leburorin ban-ruwan albasa sun fara haɗiyarta don su jure aiki. Matsalar gaskiya ce. Amma shugabanci sai aka danƙa wa Alhaji Tukur, dillalin albasa, wanda iyakar cancantarsa ita ce ya cika motoci da jama'a ranar zaɓe. Malam Maccido aka maƙala a matsayin sakatare, don a ce akwai masani.

A watan Yuli kwamitin ya kwashe duk wata farar ƙwaya daga shaguna, har da maganin farfaɗiya, aka tsai da ranar ƙonawa a bainar jama'a. Malam Maccido ya rubuta takarda mai shafi huɗu yana roƙon a tantance kafin a cinna wuta. Kwafinta yana wurin Malama Kubura, na karanta shi. Amsar da shugaban ya ba shi a zaman kwamitin ita ce: “Malam, ƙwaya dai ƙwaya ta. Mu tarbiyya muka gyarawa, kai kana kawo muna boko.” Babu wanda ya buɗe shafi na biyu.

An ƙone kayan a Jega da jawabai da tafi. Bayan kwana tara, Kaltume ta Kashin Zama, uwar 'ya'ya uku, wadda ta shekara shida farfaɗiyarta ba ta tashi ba, ta faɗa rijiyar lambu tana jan ruwa, ta rasu. Kwamitin bai je ta'aziyya ba. A watan Satumba aka sallami Malam Maccido bisa tuhumar ɓatan gwangwanaye uku, aka kuma ƙara wa Alhaji Tukur muƙami.

Ƙarshen rayuwa

Ya koma Maiyama ya kama noma, bai sake neman aikin gwamnati ba. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Talata, 9 ga Maris 1999, aka yi jana'izarsa bayan La'asar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Bashar, Sakina, Aminullahi da Mufida.

Gwangwanayen uku shi ya ɗauke su kafin ranar ƙonawa, da rana tsaka, a gaban masu gadi. Maganin farfaɗiya ne a ciki. Ya hau babur ya raba shi kyauta gida-gida ga mutum hamsin da ɗaya, sannan maganin ya ƙare. Sunan Kaltume shi ne na hamsin da biyar a jerin sunayen da ya rubuta.