Shatin Yatsa a Jikin Sitata

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. A Keffi ne, shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa kowa yana rububin sabuwar mota, ni kuwa ina aikin wayarin mota a wata rumfa a unguwar Yara, gyaran sitata da cajin batir.

Wata safiya wata dattijuwa, Mama Rifkatu, ta zo ta ce in bi ta Angwan Iya in duba mata mota. Da muka isa sai ga wata baƙar mota mai ƙusumbi irin ta zamanin Turawa a gindin mangwaro, kaji har sun mayar da ita gida. Ta marigayi mijinta ce, tsohon direba, wanda ban taɓa gani ba. 'Ya'yanta sun ce in suka zo Kirsimeti suka tarar ba ta tashi, maƙera za su sayar wa a yanka a yi murhu da kasko. Ita kuwa burinta ɗaya, motar ta kai ta ƙauyensu ta ga kabarin mijin nata. Na ce, "Haba Mama, ga motocin haya birjik a tasha." Ta ce, "Ɗana, a cikin wannan ya kawo ni Keffi, a cikinta zan je masa." Sai na ji kunyar bakina.

Injin lafiya lau yake, da gani mai ita ya riƙe ta da amana. Sitata ce kawai, wato na'urar tayar da injin, in an murza makulli sai ta yi nishi ta yi shiru. Kada wani ya ce a tura mana, wa zai tura wa tsohuwa mota a hanyar ƙauye? Na kwanto sitatar na kai rumfa, na buɗe, na tarar da abin da na zata: zoben tagulla biyu da sandar ciki ke juyawa a kansu, waɗanda muke ce wa bushin, sun cinye, sandar tana lilo tana gogar jiki. Oga Emeka mai kayan gyara sai da ya gama yi mini dariya, ya ce wannan mota ai ta girme ni, sannan ya tono mini guda biyu a ƙasan wani akwati.

To, ga yadda aikin yake. Ita wannan tagulla shan mai take yi, ba a saka ta a bushe. Cika zoben za ka yi da mai, ka toshe bakinsa biyu da babban yatsa da manuni, ka matsa har man ya tsattsafo ta jikinsa kamar gumi. Na farko ya yi mini yadda nake so. Na biyu kuwa ya ƙi, na matsa, na matsa, ko ɗigo babu. Bayan azahar ne, rana tsaka, maƙwabcina mai faci yana ta sharar barci a benci, ni kaɗai ne a rumfar.

Sai na ji wani babban yatsa ya sauka a kan nawa. Wallahi tallahi. Yatsa ne mai ɗumi, mai kaushi irin na wanda ya daɗe da riƙon sitiyari, ya danna nawa a hankali, ba da mugunta ba, sai ga mai yana tsattsafowa ta ko'ina. Daga nan ya ɗaga. Na waiga, babu kowa. Abin mamakin shi ne ban ji tsoro a lokacin ba, natsuwa ma na ji, irin ta ɗan koyo a gaban maigidansa.

Na kafa zoben, na haɗa komai, na goge murfin sitatar da fetur tas, na tafi sallar la'asar. Da na dawo sai ga shatin babban yatsa na mai a kan murfin, ya fi nawa faɗi, da wani tsagi da ya raba shi biyu. Na duba yatsuna, ni ba ni da tabo. A nan fa tsigar jikina ta tashi, na kasa goge shi.

Kashegari kafin in ɗaura sitatar na nuna wa Mama Rifkatu shatin, ban ce mata komai ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Fankar motar nan ce ta yanke maigidana a yatsa, tun ina amarya. Shi dama ba a taɓa masa mota in ba ya wurin." Ta shiga gida ɗauko mayafinta, kamar ba wani abu ta faɗa ba.

Murzawa ɗaya motar ta tashi. Ni na tuƙa ta har ƙauyen, ta zauna a baya tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, kujerar gefena kuwa ta hana a ɗora ko jaka a kai.

Aljani ne, ko me ne, Allah ne masani, ni ban sani ba. Amma har yau in na cika zobe da mai sai na ɗan dakata, ina jira. Ku kuma, in aka ba ku amanar kayan mamaci, ku yi bisimilla, ku yi aikin kamar mai shi yana tsaye a bayanku.