Hamidu Mai Ba da Aron Gola

Ranar wata Asabar a daminar 1964 aka zura wa Balarabe ƙwallo tara a filin Ojota, kuma a ranar ce Hamidu ya rasa shi.

Wanda bai zauna Agege ba sai an gaya masa ko wane ne Hamidu. Mahauci ne. Yana idar da sallar asuba zai saɓa wuƙaƙensa ya nufi kwata, ya yi fiɗa, ya yi ciniki, kafin azahar ya wanke jinin jikinsa. Da la'asar kuma za ka gan shi a filin nan na bayan layin dogo da buhun garin katako a kafaɗa, ya zazzage shi a bakin raga don kada ƙasa ta cinye gwiwar yara, ya shiga jifar su da ƙwallon da ta sha ɗinki. Ba shi ne kocin Matasan Kwata ba. Kocin kulob ɗin an canza shi ya fi a ƙirga, kowanne ya zo da usur da sabon takalmi, ya yi surutu, ya tafi. Hamidu golaye kawai yake kula da su, ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya taɓa tunanin sallamarsa. A watan nan zai ajiye aikin, don gwiwa ta ƙi, filin kuma an sayar wa wani mai kuɗin zamani zai gina sito. Da ɗan gaba ne mai cin ƙwallo, da tuni an yanka masa sa. Tun da golaye yake horarwa, sai dai waɗannan 'yan layuka.

Abin da aka san shi da shi ɗaya ne, kuma shekara da shekaru ana zaginsa a kai. Idan yaro ya fara kama ƙwallo har mutane sun fara tsayawa kallo, sai Hamidu ya ɗauke shi daga Agege ya ba da aronsa ga wani kulob na can ƙasan rukuni. Ba kuma mai dama-dama yake nema ba, wanda ya fi kowa lalacewa yake zaɓa. A cewarsa gola a bayan 'yan baya masu ƙarfi ɗan kallo ne da bai biya kuɗin ƙofa ba, na kan benci kuwa ɗuwawu kawai yake horarwa. Matasan Kwata na da Sanda a raga, ƙato, ba ya ciwo, ba ya tafiya gida. Yaron da zai jira Sanda ya tsufa, tare za su tsufa.

Balarabe shi ne na farko, kuma shi ne na ƙwarai. Hamidu ya tsince shi yana ɗan shekara goma sha ɗaya a bakin tasha, ana jefo masa burodi daga mota yana cafewa bibbiyu ba ya murƙushe ko ɗaya. Uban yaron ya rasu, uwar tana Zariya. Shekara shida yana cin tuwon Batulu, matar Hamidu, yana faɗuwa a kan garin katako. A cikin shekarun nan bai taɓa jin madalla daga bakin Hamidu ba. In ya kama, shiru. In ya saki, a ji su har kwata.

Kulob ɗin da Hamidu ya kai shi na 'yan dako ne a Ojota, mutanen da ke yini suna sauke buhuna, su shigo fili a gajiye. Mai riƙe da su wani tsohon soja ne mutumin Kagoro, Jethro Bonat, mai gadin ma'ajin katako. Ƙwallo bai san ta can-can ba. Hamidu na kiransa Kofur, shi kuma yana kiran Hamidu Sarkin Fawa, ba wanda yake nufin girmamawa.

To, ranar ƙwallo taran nan Hamidu yana wurin. Da aka busa tashi, Balarabe ya zauna cikin taɓo ya jingina da ƙarfen raga yana kuka. Hamidu ya taho ta gefen fili yana shirya abin da zai faɗa: ta uku ƙafa ya buɗe, ta shida ya makara wajen fitowa. Kafin ya ƙarasa, Jethro ya riga shi. Ya durƙusa cikin taɓon da wandonsa na coci, ya share wa yaron fuska da gefen riga.

"Tara suka shiga," in ji shi. "Waɗanda ka kama fa, wa ya ƙirga? Tashi, Mama ta dafa doya."

"To, Baba," in ji Balarabe.

Hamidu ya ji da kunnensa. Shekara shida shi Malam ne. Wannan mutum, wanda bai san yadda ake faɗuwa a kan kafaɗa ba, wata biyu kacal ya zama Baba. Ya juya ya hau motar Agege bai yi wa kowa sallama ba.

Mutanen kwata sun ce a makonnin da suka biyo baya ba mai iya taya naman Hamidu. Ya ce Kofur zai sangarta yaro. Ya ce Hausar Kofur ko jaki ba zai bi ta ba. Ya ce wa ya san abin da ake dafawa a gidan. Batulu ta saurara har ta gaji, ta tuna masa cewa da ƙafarsa ya kai yaron, ba sace shi aka yi ba. Ya yi kwana biyu ba ya mata magana. Shi dai yana da wadda zai koma gida ya yi wa fushi, ba kowa ke da wannan ba.

Ana haka sai Alhaji Mamman, shugaban kulob, ya kira shi ya ce a dawo da yaro, Agege ta zama abin dariya, ana cewa golansu kwando ne. Ga dalili ya samu a sama. Aro ne, mai kaya na da ikon karɓar kayansa ranar da ya ga dama. Hamidu ya san in Balarabe ya dawo benci zai koma, bayan Sanda, ya zauna har hannunsa ya mutu. Ya kuma san zai dawo cin tuwon Batulu, ya daina ce wa wani Baba. Ya ɗaure tsokar cinya a ganye, kamar yadda ya saba aikawa don yaro ya ci yankan Musulmi, ya tafi Ojota da niyyar dawowa da yaron.

Laifi ya je nema a gidan. Ya tarar Susanna, matar Jethro, ta sayi buta da sabuwar tabarma, ta ware tukunyar da ba a dafa komai a ciki sai naman da yake aikowa. Ya ji Jethro na tsayar da atisaye in la'asar ta yi, ƙattai goma su tsaya suna jiran yaro ɗaya ya yi salla. Ko laifi ɗaya bai samu ba, kuma wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Ya wuce fili ya laɓe bayan wata motar katako. Yaron da ya sani, in ya kama ƙwallo sai ya waiwayo gefen fili ya ga ko za a yi masa tsawa. Wannan bai waiwayi kowa ba. Yana daka wa magidanta masu gemu tsawa da Yarbanci yana nuna musu inda za su tsaya, yana fitowa ya tsinke bugun kwana a tsakiyar kawuna. An ci shi biyu, ya ɗauko ƙwallon daga raga kamar wanda ya ɗauko hularsa, ya ci gaba. Hamidu ya gane abin da yake kallo. Hannun nasa ne, tsayuwar ƙafar tasa ce. Rashin tsoron kuwa ba daga Agege aka zo da shi ba.

Jethro ya hango shi ya ƙaraso, fuska ba walwala.

"Sarkin Fawa, ka zo ɗaukar kayanka?"

Hamidu ya nuna masa yaron a fili.

"Hannun hagunsa har yanzu malalaci ne," ya ce. "Riƙe shi sai baɗi. Kuma ka rage ba shi doya, ya fara tumbi."

Ya koma ya gaya wa Alhaji Mamman yaro ba ya dawowa, in dariya ce a ci gaba da yi.

Kai ne, Hamidu, ka je karɓo abinka da hujja a hannu, ka dawo hannu wofi. Wanda bai taɓa rainon abu ya ga ya fi kyau a hannun wani ba, ba zai san nauyin wannan ba.

Bayan shekara uku wani babban kulob na kamfani a Apapa ya ɗauki Balarabe. Jarida ta buga hotonsa, Jethro na gefe ya dafa kafaɗarsa, a ƙasa an rubuta da Turanci cewa ga mutumin da ya gano shi. Sunan Hamidu ko a kuskure bai fito ba. Haka 'yan jarida suke, ƙarshen hanya kawai suke zuwa su tsaya da kyamara. Wani ya kawo wa Hamidu jaridar har kwata ya fassara masa, mutane suka yi cirko-cirko suna jiran abin da zai yi. Ya karɓa, ya yanki hanta, ya naɗe ta a daidai fuskar Kofur, ya ba direban Ojota ya ce a kai masa, a ce Sarkin Fawa na taya murna.

Duk Agege ta ɗauka an gama da Ojota ke nan. Sai ga wani yaro, Talle, ya taso, Hamidu ya kai shi Ojota. Ɗan Azumi ya taso, Ojota. Akwai kulob a Mushin da Otta masu roƙon a ba su gola, yakan tura musu masu matsakaicin hannu. Amma duk yaron da ya ga zai zama wani abu, wurin mutumin da ba ya son jin sunansa yake kai shi. Kowanne ya dawo yana Baba Jethro ya ce kaza, Mama Susanna ta ce kaza. Kowanne Hamidu ya haɗiye. In an tambaye shi dalili sai ya ce 'yan bayan Kofur sun fi na kowa lalacewa a duk Ikko, kuma bai taɓa ƙara ko kalma a kan haka ba.

Balarabe yana zuwa har yau. Duk salla zai faka motarsa a ƙofar gida, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce, "Malam, barka da salla," ya ajiye turmin shadda. Ladabi ba abin da ya rage. Amma a shekarun da Jethro ke nan, in ya tashi daga gaisuwar Ojota yake wucewa, can yake cire riga ya miƙe ƙafa. Hamidu yakan raka shi bakin mota ya tambayi hannun hagu.

Yanzu kuɗin mai ya zo, kowane mai babbar riga yana son a ce yana da kulob, yana tara yara a benci kamar kayan ado, ba ya buga su, ba ya sakin su, don kada wani ya ci moriyarsu. Malamai ma haka, masu sana'a ma haka. Kowa na son a ce shi ya yi. Waɗansu sun ƙare ƙuruciyarsu suna koyar da 'ya'yan mutane, ko turmin shaddar ba su gani ba, don haka ba sai an koya musu ɗacin abin ba. Su dubi mahaucin nan. Ba waliyyi ba ne, kishinsa ya ishi mutum uku, kuma bai taɓa warkewa ba. Amma bai bari yaro ko ɗaya ya biya kuɗin kishin ba.

Na Batulu, mai ba da aro ya koma gida yana cizon yatsa, Agege ta gode, ko da ba ta iya faɗa ba. Allah ya saka, ya ba gwiwa lafiya.

Shekara biyu da suka wuce Jethro ya ajiye gadi zai koma Kagoro. A tashar Agege ya hau jirgin ƙasa, shi da Susanna da akwatunansu. Hamidu ya zo da ƙullin kilishi, ya miƙa ta taga, ya tsaya yana gyara hula kamar mai shirin magana. Jethro ya leƙo yana dariya ya tambaye shi yanzu wa zai riƙa gyara masa yaran da ya firgita. Hamidu ya ce ko ba komai Ojota za ta huta da ganin ƙwallo tara. Jirgi ya yi kuka ya ja. Bara da rani wani ɗan tiredan shanu ya kawo labarin rasuwar Jethro.

Ranar da labarin ya zo Hamidu bai je fili ba. Batulu ce ta same shi zaune a kan buhun garin katako a tsakar gida, kuma ita kaɗai ya gaya wa abin da ya kai shi tasha, wanda bai faɗa ba har jirgi ya tashi.

"So na yi in ce masa, Kofur, yaron naka ne."