Rariyar da Inna Ta Toshe

Unguwarmu tana bayan gari ne, idan ka ɗauki hanyar Fika, gidaje layi-layi masu kama ɗaya da aka gina wa ma'aikata. A shekarun da hankalin Potiskum ya tashi, mutane suka riƙa ficewa, yau wannan gida, gobe wancan. Mu da rani muka fita, da niyyar yin sati biyu a cikin gari. Kafin Inna ta kulle ƙofa, sai ta yi abin da ta saba duk sanda za mu yi tafiya: ta cusa tsumma a rariyar da ke fitar da ruwan tsakar gida, ta danne da bulo don kada jaɓa ko maciji su shigo. Ni na riƙe mata mayafi tana yi.

Sati biyu ya zama shekara bakwai. Baba ya rasu a gidan haya. Inna kuwa ba ta taɓa yarda ta zauna ba, ko labule ba ta bari an kafa mata ba, kullum maganarta ita ce idan mun koma. Da gari ya lafa ta matsa wa yayana, har ya ce, "Za mu je mu gani, Inna. In ɗakinki na tsaye, zan sa a gyara ki koma. In ya faɗi, a bar maganar."

A lokacin na haddace littattafan soyayya na aro, waɗanda a cikinsu gida yakan jira masu shi. Na zaci za mu tarar da fulawa ta rufe taga, tattabaru biyu a kan katanga. Har turare na shafa.

Ƙarshen damina ne muka je. Mai Keke ya sauke mu a bakin titi, ya ce tayarsa ba za ta shiga ba. Kwaltar layinmu ta farfashe, tumfafiya ta fito ta tsagar, tafasa ta kai mini ƙugu. An kwashe kwanon yawancin gidajen da ƙofofinsu. A falon maƙwabcinmu gara ta gina shuri, darbejiya ta tsiro a ɗakin girki ta leƙo ta sama. Masallacin unguwa na warin jemage. Amma ginin gidajen na nan tsaye, a bushe, awaki na shiga suna fita.

Namu ne kaɗai da kwaɗo a ƙofa. Yayana na fama da tsatsarsa, sai ga wani tsohon Bafulatani ya ɓullo da shanu. Da ya ga zanen Barebari a fuskar Inna sai ya washe baki.

"A'a, baiwata ce ta dawo ba sallama?"

"Kai bawa," in ji Inna, "wa ya ba ka izinin kiwo a ƙofar uwargijiyarka?"

"Wannan naki ne? Allah ya saka miki. Duk unguwar nan ke kaɗai kika bar wa shanuna tafki. Ku daina wahala da ƙofa, ku zagayo ta baya."

Muka bi shi. Katangar baya ta kwanta. Tsakar gidanmu ruwa ne kore, kwaɗi na iyo, ciyawar fadama ta fi ni tsayi, gefe duk sawun kofato. Damina bakwai ruwa na sauka daga kwano bai sami hanyar fita ba, ya zauna yana cin gindin gini. Ɗakin Inna, da yake shi ne a gangare, bango biyu sun rufta ciki, kan gadon ƙarfenta kawai ake gani, yaɗiya ta nannaɗe shi.

Inna ta tattare zani ta bi jikin katanga har inda rariyar take. Bulon na nan yadda ta ajiye shi, gansakuka ta lulluɓe shi. Ta daɗe a tsugune.

"Ai kuwa maciji bai shiga ta nan ba," in ji ta.

Babu wanda ya yi dariya, har Bafulatanin. Ni na tsaya ina jiran hawaye su zo mini kamar yadda ake rubutawa, ba su zo ba, ƙarangiya nake cirewa daga siket.

Yayana ya ce, "Inna, ko a cire bulon?"

"Bar shi. Dabbobi na sha."

 Da muka dawo gidan haya, Inna ta yi alwala, ta yi la'asar, sannan ta kira ni ta ce in ɗauko igiya in auna mata faɗin taga, gobe ta aike ni wajen tela.